Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gilashin Ƙofar Direba

Ranka ya daɗe, Malam Gilashi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can cikin ƙofa inda ka shige ka ƙi fitowa, na rubuto ne a madadin masu motocin gwanjo na Hayin Banki da maƙwabtanmu na Kawo da Badarawa, domin mu ji laifin da muka yi maka.

Kakanka dai mun san shi, mutumin kirki ne. A Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975, mariƙi gare shi: a murɗa ya hau, a murɗa ya sauka, ko da batir ya mutu murus. In mariƙan sun ɓalle saura ɗaya, direban tasi ya adana shi kusa da giya, duk fasinjan da zafi ya dama a miƙa masa ya murɗa ya dawo da shi. Kai kuwa ɗan gidan sarauta ne. A Amurka aka haife ka, kamfanin Packard ya fara sa irinka a 1940, a motocin masu hannu da shuni. Ka gama ƙuruciyarka a hannun wani Bature, ka sauka a Kwatano, sannan ka iso mana da tsufanka da iyayinka.

Sauka ba ta taɓa ba ka wahala ba, tunda nauyinka ma yana taya ka. Hawan ne sai ka ga dama. Kuma ka iya zaɓen lokaci: sai Agusta, hadari ya haɗo daga gabas, mutum na tsakiyar cunkoso a titin Ali Akilu, sannan za ka ce ga garinku nan. Ran da ka bushi iska kuma ka maƙale a rufe cikin zafin Afrilu, har magidanci da furfurarsa sai ya buɗe ƙofa kafin ya sayi ruwan leda.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba ka faɗin inda ke maka ciwo. Ka yi gum, wani yaron gareji ya danna maɓalli sau ɗaya ya ce, "Oga, injin ya ƙone, sai dai a je Panteka." A sayo, a ɗaura, kana nan jiya i yau.

To, ina sanar da kai asirinka ya tonu. Wani dattijon mai wayarin ya karanta mana kai tsaf, kuma bai karɓi ko sisi ba. Ya ce in ku huɗu kuka yi yaji tare, ba inji ba ne, a fara duba fis, ɗan abin da bai kai ƙwayar dabino ba. In na direba na aiki sauran sun ƙi, a duba maɓallin kulle da ke hannun direba, wataƙila gwiwar hannun wani ce ta danne shi. Mutane nawa aka kwance wa ƙofa a kan wannan, Allah kaɗai ya sani.

In kai kaɗai ne ka ƙi, sai a kasa kunne. A kunna fitilar cikin mota, a danna maɓalli. In haskenta ya ɗan dushe, wuta na isa wurin injinka, shi ne ya cije. A riƙe maɓallin a ɗan bubbugi ƙofar da tafin hannu, in ka motsa to gawayin cikin injin ne ya cinye. In fitilar ko gezau, wutar ce ba ta zuwa: ko maɓallin ya yi datti, ko waya ta karye a cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda ake lanƙwasawa duk buɗewa duk rufewa shekara da shekaru. Na ga dattijon ya zame robar da ɗan yatsa, sai ga wata koriyar waya, bawonta lafiya lau, cikinta a tsinke. Ya haɗa, ya naɗe, ka tashi sumul ba ko kunya. In kuwa ana jin inji na gurnani da ƙaras-ƙaras amma kai kana kwance, igiyar ƙarfen da ke ɗaga ka ce ta tsinke, ko 'yan robobin da ke riƙe da kai sun farfashe. Nan kam zuwa kasuwa ya zama dole.

Don kada ka ce an yi maka rashin adalci, mun yarda ba a ƙera ka don ƙurar hunturun Kaduna ba. Tana cika hanyar robar da kake bi har ka riƙa hawa da nishi, wasu kuma su tsiyaya maka baƙin mai, robar ta kumbura, ƙura ta ƙara samun wurin zama. Wankewa take so da ɗan feshin silikon. Yara ma da ke mai da maɓallinka abin wasa a hanyar Islamiyya, za mu ja musu kunne.

Buƙatarmu ɗaya ce. Ba mu ce kada ka mutu ba, kowane mai inji mamaci ne. Amma in za ka mutu, don Allah ka mutu a rufe. Mun gaji da leda da salatif, mun gaji da kwana da ido ɗaya saboda mota na waje baki buɗe. In ka ƙi, ka sani kafintan layinmu ya riga ya yanka mini katako biyu daidai tsawon cikin ƙofa. Zan sa a tokare ka da su, a cire wayarka, ka zauna a sama har ranar da za a sayar da motar.

Ka gaida na baya na hagu, ka ce masa muna sane da shi.

Naka cikin haƙuri,
Wani mai motar gwanjo,
Hayin Banki, Kaduna.