Sannu da Ƙoƙari, Sarkin Garaɓasa

Ya kamata a jinjina wa kamfanin Valve na Amurka, domin tarbiyyar da ya yi wa masu buga wasannin kwamfuta ko gogaggen malami bai isa ya yi wa ɗalibansa ba. Ya buɗe kasuwarsa ta Steam a shekarar 2003, daga baya ya kafa al'adar karya farashi duk lokacin zafi da lokacin sanyi. Cikin 'yan shekaru miliyoyin mutane suka haddace darasinsa: sayen wasa daban, buga shi daban, kuma sayen ya fi daɗi.

A farkon lamarin abin ba a cewa komai. Wasan dala 60 sai a wayi gari ya koma 15, ga agogo a gefensa yana ƙirga 'yan sa'o'in da suka rage kafin arhar ta wuce. Mutum ya hana idonsa barci yana dako. Dubi tausayi irin na ɗan kasuwa: bai bar mai saye da wahalar tambayar kansa ko yana son abin ba, agogo ya riga ya amsa masa. A 2010 Humble Bundle ta shigo da nata salon, a ɗaure maka wasanni a dami ɗaya ka biya abin da ka ga dama. Da kafar Ars Technica ta bincika a 2014, sai ta tarar kusan kashi 37 cikin 100 na wasannin da ke asusun mutane a Steam ba a taɓa kunna su ba ko sau ɗaya. Madalla! Kamar mai cika akwati da atamfa ne, bai kai wa tela ko turmi ɗaya ba, amma gobe da sassafe yana bakin kanti.

A 2015 aka kawo wa Steam tsarin mayar da kuɗi ga wanda bai buga wasa sa'a biyu ba cikin kwana 14, aka kuma daina rangwamen agogo. Farashin ranar farko ta garaɓasa shi ne na ranar ƙarshe. Zumuɗi ya kwanta, tsofaffin masu saye suka fara ƙorafin cewa garaɓasar yanzu ba ta kai ta da ba. Wasu na kiran wannan butulci. Ina! Ɗalibai ne suka yi sauka. Wanda aka shekara goma ana nuna masa cewa farashin da ke jikin kaya wasa ne, me zai sa ya sake yarda da shi? Yanzu yana da jerin abin da yake so, yana da shafukan da ke ajiye masa tarihin farashin kowane wasa, kuma in ba a zabtare kashi 75 ba ko kallo ba ya yi. Kamfanin Epic ya ƙarasa masa karatu: ya buɗe tasa kasuwar a ƙarshen 2018 da rabon wasanni kyauta, kuma ranar da ya raba Grand Theft Auto V a watan Mayun 2020, turereniya ta durƙusar da shafin. Wanda ya saba da kyauta, rabin kuɗi ma tsada ne a wurinsa.

Wanda ke biyan kuɗin wannan makaranta shi ne ƙaramin mai ƙirƙira, kuma nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Wasa ba daga sama yake faɗowa ba. Akwai mai zane, mai kiɗa, mai rubuta labari, mai tsara manhaja, wani lokaci duk mutum ɗaya ne, ya shekara da shekaru a ɗaki yana cin ajiyarsa. Ya fito da aikinsa cikin kasuwar Steam, wadda a 2023 kaɗai aka zuba mata sababbin wasanni fiye da 14,000. Tun ranar farko ya rage wani abu don a waiwaye shi, amsar da yake samu ita ce: ya yi kyau, zan jira garaɓasa. Ko an saya da tsada ko da arha, Valve na cire kashi 30. Sai cinikin wasa ya haura dala miliyan 10 ake sassauta kason zuwa 25, in ya wuce miliyan 50 ya koma 20. Adalci ke nan tsantsa: mai ƙarfi a rage masa kaya, mai rarrafe ya ɗauki nasa cif.

Amma babbar bajinta tana gaba. Duk wannan tarin da mai saye yake taƙama da shi, ashe ba nasa ba ne. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya nuna haka a fili da wasan tseren motocinsa The Crew na 2014: a ƙarshen Maris 2024 ya kashe na'urorin da ke riƙe da shi, sannan ya janye lasisin daga hannun waɗanda suka biya kuɗinsu. Babu wanda ya fasa ƙofar kowa, an dai tashi an ga wayam. A shekarar ne jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana a ce wa mutum ya "saya" alhali izinin amfani aka ba shi, sai in an bayyana masa. Nan da nan Steam ta liƙa sanarwa a wurin biyan kuɗi cewa lasisi kake saya. Sai da aka yi shekara ashirin ana ciniki kafin a rubuta wannan inda ido zai gani, kuma ai ba a makara ba, tunda an riga an karɓi kuɗin.

Har iyalin mai saye an yi wa gata. Ƙa'idar Steam ba ta yarda a miƙa asusu ga wani ba, ko da wasiyya. Mutum ya tara wasa ɗari biyar a garaɓasar shekara goma sha biyar, ranar da ya cika 'ya'yansa ba za su yi rigima a kai ba, ba kuma sai an wahalar da malamin rabon gado ba.