Koyon zane a waya a Yangoji, idan caji ya yarda

Shawara ta farko ga ɗalibin zane da ya dawo hutu Yangoji da niyyar koyon zanen kwamfuta ita ce ya ƙulla zumunci da mai shagon caji. Malaman YouTube ba sa koyar da wannan darasin, domin ba a taɓa ɗauke musu wuta suna tsakiyar fuskar amarya, waya saura kashi 4 ba. Haka ta faru da mai wannan shafin a makon jiya, har yanzu abin yana cin ransa.

Ta biyu, manhaja. Procreate da ake ta zuzutawa sai na'urar Apple, Photoshop kuma haya ake biya. Mai ƙaramin ƙarfi ya kama ibisPaint a waya, ko Krita in ya samu aron laftof. Ba a sayen ko ɗaya, kuma suna aiki ƙwarai. Matsalar yatsa ce: allo santsi gare shi, yatsan kuma sai ya rufe daidai inda ido yake son gani, a nufi hanci a dira a kunne. Layi a leya ɗaya, wato shimfiɗar zane a manhaja, launi a wata, kuma ɗalibi ya duba wadda yake kai kafin ya ɓata yini yana shafa fenti inda ba nan ba.

Ta uku ta shafi ajiye aiki ne, amma tilas ta jira, saboda ga kawu ya leƙo. "Ɗana, ai wayar ce ta zana, kai dannawa kawai ka yi. Haɗa mini katin bikin ƙanwarka kafin gobe." Ladan aiki kuwa, "Allah ya yi albarka." Tun da manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da kansu suka bazu, wannan maganar ta ƙara kauri, kuma tana da ciwo. Yaron da ya cika littafi da zanen hannaye har ya gane yadda yatsu ke lanƙwasa, shi ake ce wa mai dannawa!

A nan ƙasar Kwali ma ake faɗin haka, inda aka haifi matar da ke bayan takardar naira 20. Ladi Kwali da hannu ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya. A 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a can, ta koyi aiki da faifan juya yumɓu da ƙyalli irin na tangaran. Kayan aiki sun sauya, amma ƙadangaru da kunamu da kifayen da ke jikin tukwanenta babu wanda ya taɓa cewa faifan ne ya zana su.

Ta huɗu, ko ta biyar ce, lissafi ya ɓace a wurin kawu. Shuɗin da ke walƙiya a allo dusashe yake fitowa daga injin ɗab'i a Gwagwalada, domin allo da haske yake haɗa launi, injin kuma da tawada. A sa shafi a 300 dpi tun farko, a gwada buga ƙarami kafin babba. WhatsApp yana matse hoto, don haka a tura shi a matsayin dokumen. Sannan a karɓi rabin kuɗi kafin a ja layin farko, ko da katin kawu ne.