Zanzibar a Cikin Adaidaita Sahu

Ƙanwar miji ba ta roƙo, umarni take bayarwa tana dariya. Tawa da aurenta ya matso sai ta turo mini hoto a WhatsApp: kek mai hawa uku, ga bishiyoyin kwakwa, ga farin yashi, ga shuɗin teku ya zagaye su. "Matar Yaya, Zanzibar nake so ranar dina." Na ce mata bikin nan fa a watan Afrilu ne, kuma a Kano. Ta ce, "To ai kek ɗin ƙasashen zafi ne." Da wannan hujja aka rufe mini baki.

Fulawa da sukari a Singa na sayo, bota da fondan a Sabon Gari, abarba kuwa sai da na dangana da 'Yan Lemo, inda mai ita ya rantse jiya-jiya aka sauke ta daga kudu. Gashin kek bai ba ni wuya ba. Yashi ma biskit ne na daka a turmi. Teku ne ya yi mini gardama.

Na matse ruwan ɗanyar abarba, na zuba jelatin da shuɗin kala, na sa a firij. Gari ya waye, teku na nan tsululu. Na ƙara jelatin, ko gezau. Ina cikin tunanin ko wata maƙwabciya ce ta sa mini ido, sai 'yata da ke sakandare ta leƙo. "Umma, ɗanyar abarba tana da wani sinadari, bromelen, mai narkar da furotin, jelatin kuma furotin ne. Shi ne ma yake sa harshe ƙaiƙayi. Ki tafasa ta." Na tafasa, teku ya daskare. Ranar na fara ganin ribar kuɗin makaranta.

Bishiyoyin kwakwa na kwana ina murza su da fondan, ganye ɗaya-ɗaya da tsinken sakace. Hajiya surukata ta zo duba aiki, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo. "Sannu da ƙoƙari, 'yar nan. Amma me ya kawo giginya bikin auta?"

Ranar dina, motar da aka ce za ta ɗauke ni ta tafi tashar mota ɗauko gwaggwannin ango. Haka na tare Adaidaita Sahu da la'asar sakaliya, kek a cinya, 'yata tana yi masa fifita da kwali. Bota da jelatin duk ba sa jure zafin da ya wuce digiri 35, Kano kuwa a Afrilu tana haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. Ga cunkoso. Ga direba mai son hira, kowane rami ya faɗa sai ya waigo ya ce, "Hajiya, riƙe da kyau." Hawa na sama ya fara zamewa kamar ɗan kwalin mai barci a mota. Giginya ɗaya ta kwanta, ta ja 'yar'uwarta. Daga nan na ji wani sanyi-sanyi yana bin cinyata: teku ya ɓalle, ya ratsa kwali, ya shiga leshin anko da ko kuɗin ɗinkinsa ban gama biya ba.

Da aka ɗora abin da ya rage a kan tebur, emsi ya zagaya shi, ya kai lasifika baki. "Jama'a, a yi tafi, an kawo mana dam ɗin Tiga!" Amarya ta ɗaga mayafi ta dube ni. "Matar Yaya, ina Zanzibar ɗin?" Na ce, "Rabinta na jikin leshina, rabi na wajen mai Adaidaita."

An cinye shi tas, har wasu suna naɗe yashin a tishu. Bayan an watse na raɓa kusa da Hajiya, na ɗan taɓo maganar kuɗin bota da abarba. Ta kama hannuna ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ai tuni na sa aka rubuta shi a gudummawarki."