Masu Karaya a Bencin Mai Shayi

Wanda ya tashi daga Kafin Maiyaƙi ya nufi kudu, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har Riruwai, garin duwatsu da kuza a ƙaramar hukumar Doguwa, zai ga abubuwan da ke karya ƙashi a yankin: babur ɗauke da buhun masara biyu, ramin haƙar ma'adinai, santsin dutse bayan ruwan Agusta. Wani a garzaya da shi asibitin ƙashi na Dala a Kano, wani gidan mai ɗori. Amma da an yi mako uku, zaman ɗaki ya gunduri mutum, duk a bencin mai shayi ake haɗuwa.

Akwai mai labari. Ranar farko akuya ce ta gitta masa ya faɗi. Kafin wata ya cika akuyar ta zama saniya, saniyar ta zama tirela, shi kuma ya yi adungure uku a sama yana salati.

Kusa da shi akwai mai cewa ƙashi maiƙo yake so. Da safe shayi mai kauri da wainar ƙwai, da rana fura da nonon Fulanin Falgore, da dare ya ɗingisa wajen mai farfesun ƙafar saniya, ya yi ta buga ƙashi a bakin kwano sai ɓargo ya fito. Karayar babban mutum kan haɗe cikin mako 6 zuwa 12; shi yana wata na biyar. Ƙafa ta warke tuni, wando ne ya daina shiga.

Wanda ya fi kowa surutu ko targaɗe bai taɓa yi ba. Shi ne likitan benci. In ya ga filasta ya ce a kwance, iska ba ta shiga. In ya ga karan ɗori ya ce a ƙara tamkewa. A nan raha ke tsayawa, domin ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, kuma likitocin ƙashi sun daɗe suna kokawa kan ƙafafun da ake kawo musu sun riga sun ruɓe, sai yankewa. Maganar hoton ƙashi ko gashi kuwa, ya ce ɓarnar kuɗi ce, sannan ya nemi a saya masa burodi.

Ɗan dubiya kan zo da lemo uku a leda. "Sannu da jiki, Yaya. Allah ya ƙara sauƙi." Sai ya gyara zama, ya wanke hannu, ya tashi da rabin tsiren mara lafiya, ya shanye lemo biyu.

Gwanin duka shi ne wanda ya warke bai sanar ba. Sandar dogarawa ta zame masa lasin: kujerar gaba a motar Tudun Wada, kofin farko a wurin mai shayi, an ɗauke masa zuwa gona har a gama girbin shinkafa. Matsalarsa ɗaya, mantuwa. Jiya da dama ya ɗingisa, yau da hagu.

Mai shayi yana kallon kowa, yana sheƙa shayinsa daga kofi zuwa kofi. A littafinsa na bashi ba ya rubuta suna, sai dai "mai ƙafar hagu", "mai ƙugu", "mai tirela". Shafin mai tirela ya cika, an juya baya.