Tsohuwar Kyanwa da Hadiminta

Ɗaukar tsohuwar kyanwa daga gidan kula da dabbobi marasa galihu abu ne mai ƙa'ida a Ingila. Gidan Battersea da ke Landan, wanda ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, sai ya yi wa mai nema tambayoyi kan muhallinsa kafin ya ba shi. Kyanwar da ta haura shekara 11 ta shiga sahun dattawa, kuma sau da yawa da lalurarta take tarewa: ciwon ƙoda, ko na sukari mai bukatar allurar insulin safe da yamma. Abincinta na musamman ne, likitanta ba ya duba ta kyauta. Ita da ɓera kuwa tuni suka yi sulhu. Aikinta barci, na mai gida biyan kuɗi da kokawar ɗura mata magani.