Yadda Za Ka Samu Kwangilar Kwamfuta Daga Tudun Wada Ba Tare Da Ka Sayar Da Kwamfutar Ba

Ka gama digiri a Samaru ko difloma a Nuhu Bamalli, ka yi hidimar ƙasa, ka dawo gida Tudun Wada da kwali a jaka da kwamfutar da batirinta ba ya kai minti arba'in. Takardun neman aiki sun tafi, ko ɗaya ba ta dawo da amsa ba. To kwantar da hankalinka, ƙanena. Daga yau kai ba marar aiki ba ne, mai zaman kansa ne. Marar aiki yana barci har hantsi don ba shi da wurin zuwa, mai zaman kansa kuwa yana barci har hantsi don abokan cinikinsa na Amurka ba su tashi ba. Ka haddace wannan, domin Hajiya za ta tambaya.

Ka fara sanin da wa kake kokawa. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami ma'aikata 11,000. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000. Wasu daga cikinsu suna can suna zawarcin aikin da kake zawarci, ga 'yan Indiya da Pakistan da ba sa barci, ga kuma ChatGPT da ba ya neman kuɗin data. Tun a 2019 ma kamfanin Andela da aka kafa a Legas ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400, ya ce kasuwa manya take so. Saboda haka kada ka kuskura ka kira kanka sabon shiga. Lissafin gogewarka ya fara ne tun ranar da ka cire wa Baba wayarsa daga harshen Sinanci.

Sai ka buɗe shafi a Upwork ko Fiverr. A gida sai ka san wani kafin a karanta takardarka, a Upwork kuwa tikiti kake saye kafin ka miƙa ta, ko an karanta ko ba a karanta ba. Fiverr kuma yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na duk abin da ka samu, la'adar da dillalin shanu bai taɓa mafarkinta ba. Amma kada ka karaya. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ke nan a farashin 2024 aikin dala 100 ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 har da ɗoriya. Sharaɗi ɗaya ne, kada majalisa ta ji. Ranar da ka furta kalmar dala a teburin mai shayi, rabin unguwa za su ce ka zama ɗan damfara, sauran rabin su zo rance, kuma akwai waɗanda za su yi duka biyun.

Idan Allah ya sa Bature ya ce ku gana ta bidiyo, ka shirya tun da wuri. Kai kwamfuta wurin mai caji da rana, domin masu wuta ba su san da ganawarka ba. Zuba data mai kauri, ka tuna tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara farashi da kashi 50. Nemi bango mai fenti ka jingina. Duba lokacin sallah, saboda tara na safe a New York ƙarfe biyu ne ko uku na rana a Zariya, kuma lasifikar masallacin layinku ba ta da maɓallin rage murya. Akuyar maƙwabta kuma ba ta da magani. In ta yi kuka, ka ce ofishinku yana goyon bayan noma da kiwo.

Duk wannan ka yi shi, ban hana ka ba. Amma kwangilar da za ta fara saya maka katin waya tana tsakanin Agoro da Kongo, ba a hayin teku ba. Tudun Wada dai tun zamanin Turawa unguwa ce ta baƙin Arewa da suka zo Zazzau da sana'a a hannu, ba da takardar ɗaukar aiki ba. Dubi makarantun kuɗi da Islamiyyu da suke haɗa sakamakon jarrabawa da biro har tsakar dare. Dubi masu kemis da ba su san maganin da ya kusa lalacewa a kanta ba, da 'yan kasuwar da littafin bashinsu ya jiƙe tun damina. Waɗannan ba sa talla a intanet. A ɗaurin aure ake samunsu, da ƙofar masallaci bayan Asuba. Saboda haka babbar riga ɗaya mai guga ta fi maka shafin LinkedIn amfani, kuma kada a yi ta'aziyya a layinku babu kai.

Ga yadda zamanka da ɗaya daga cikinsu zai kasance. Za ka tarar da Alhaji a kan darduma a ƙofar shago, waya biyu a gabansa, carbi a hannu. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi iyali da kasuwa, kada ka yi gaggawa. Zai ce, "Yaro, so nake ka yi mini irin Jumia ɗin nan, amma nawa ya fi nasu." Ka ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Zai ce nawa, ka faɗa. Zai ajiye carbin ya dube ka, ya ce, "Ashe ba ɗan Malam ba ne kai? Ai kai namu ne. Ba danna-danna ba ne kawai?" A nan ne yawancin samari suke faɗuwa, su sunkuyar da kai su ce, "Duk abin da ka bayar, Alhaji." Wanda ya faɗi haka ya yi aikin lada, Allah ya karɓa. Kai kuwa ka ce, "Alhaji, ai don ni naku ne na faɗi wannan farashin, da ɗan Legas ne sai ya ninka sau biyar." Sannan ka fahimtar da shi a hankali cewa ba Jumia yake bukata ba, jerin kaya ne da farashi da hoto a WhatsApp, da wurin rubuta wanda ya ci bashi. Wannan aikin kwana uku ne, amma ka ce mako biyu, don abin da aka gama da wuri ba ya daraja.

Kada ka taɓa kwamfuta sai rabin kuɗi ya shigo a matsayin kafin alƙalami. "Je ka, za ka ji alat" ba kuɗi ba ne, addu'a ce. A rubuta yarjejeniya. Tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kongo, tafiyar ƙafa. Samu ɗalibin ajin ƙarshe ya tsara maka shafi ɗaya, kai kuma ka daidaita masa lambobin shafukan kundinsa da suka hana shi barci. In Alhaji ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Kalmar sirri kuma ta zauna a wurinka har cikon kuɗi ya iso, cikin ladabi.

Ke kuma ƙanwata, taki kasuwar tana cikin gida inda samarin nan ba sa shiga. Masu turaren wuta da atamfa da kayan ɗaki suna ciniki ta waya dare da rana, suna bukatar mai tsara musu hoto da lissafi, kuma a ganina sun fi mazajensu saurin biya.

In kana son ganin 'yan'uwanka a sana'a, hau mota zuwa Kaduna ka leƙa CoLab, ko ka sa ido kan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Ko ba a samu aiki ba, ana samun lambar wanda aiki ya yi wa yawa.

Saura abu ɗaya. Daga ranar da ka miƙa aiki ka zama likitan duk abin da ake jonawa da wuta a gidan Alhaji: firinta, tauraron ɗan'adam, Facebook ɗin Hajiya da ya kulle, rajistar JAMB ta ɗan autansa. Ka yanka wa wannan kuɗin wata tun farko. Kuma in ka buɗe masa shafin intanet, adireshinsa duk shekara ake biya a sabunta shi, in ba a biya ba shafin ya ɓace. Ka faɗa wa Alhaji haka tun yau, a gaban shaidu biyu.