Alhaji, Ka Ji Yadda Fagen Ya Buɗe?

Ina da wani ra'ayi da masu shagunan kayan sauti ba za su gode mini a kansa ba. Duk wanda ya shiga ɗakin gwaji don ya saurari manyan lasifikokin nan masu tsayuwa da ƙafarsu a ƙasa, shi ake gwadawa, lasifikar kuwa ta riga ta ci jarrabawa tun kafin ya cire takalmi. Dubi yadda ake shirya abin. Kujera ɗaya ce tak a tsakiyar ɗaki, an rage haske, ƙasa kafet, bango labule. A sa maka muryar Diana Krall, ko Hotel California ta Eagles wadda suka yi a gaban jama'a a 1994, waƙoƙin da ko a rediyon mai shayi ba za su yi muni ba. Sai mai shago ya harɗe hannu yana kallon fuskarka, ya ce, "Alhaji, ka ji yadda fagen ya buɗe?" Kai ba ka ga fage ba balle buɗewarsa, amma an kira ka Alhaji, an kawo maka gahawa, ga farashi a rubuce. Sai ka lumshe ido, ka gyaɗa kai, ka ce, "Lallai kuwa." To, daga gyaɗa kan nan an gama da kai.

Kada a ce baƙin cikin mara kuɗi ne ke magana. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman da ke Amurka, sun zaunar da ma'aikatan kamfanin suka saurari lasifika kala huɗu, wani zubin suna kallonsu, wani zubin an tare da labule. Da ido a buɗe, manyan masu sheƙin katako suka kwashe maki, 'yar ƙaramar mai jikin roba ta sha ƙasa. Da aka ja labule, sai tazarar ta tsuke, 'yar robar ta ɗago kai. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne batun wurin ajiya. A bayan labule, in an matsar da lasifika sai makin ya canza, domin sautin ya canza da gaske. Amma da suna kallo, kusan ko gezau makin bai yi ba. Ido ya riga ya yanke hukunci, kunne sa hannu kawai ya yi. Kuma ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba.

Na san mai cewa, "Ni kunnena ba ya ƙarya." Ba ya ƙarya, amma yana karɓar toshiyar baki, kuma da araha. Tun 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa idan aka ƙara ƙarfin sauti, kunne yakan fi jin kaurin ƙasa da siririn sama. Saboda haka lasifikar da ta ɗan ɗara 'yar'uwarta ƙara, ko da desibel ɗaya ne, sai ka rantse ta fi ta cika da tsabta, alhali maɓallin ƙara yana hannun mai son ka saya. Ga kuma mantuwa: ainihin launin sauti daƙiƙoƙi kaɗan yake yi a kai ya gushe, sauya lasifika kuwa aikin mintuna ne, a ja wannan, a turo waccan, a ɗaura waya. Kafin a gama, abin da kake kwatantawa labarin da ka ba kanka ne. Shi ya sa Harman suka ƙera injin da ke musanya lasifikoki a gurbi ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Sannan ga zaluncin shekaru. Yaro yana jin girgizar sauti har kusan 20,000 a daƙiƙa, amma ba shi da ko sisi. Dattijon da aljihunsa ya kai ga lasifika mai ƙwayar lu'ulu'u, saman jinsa ya daɗe da yin ritaya. Kyanwar gidan ce za ta more kuɗin.

Ko da kunnen ya yi gaskiya, ɗakin ba naka ba ne. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka amo mai kauri da ke girgiza sau 40 a daƙiƙa tsawonsa ya haura mita takwas, ya fi yawancin faluka. Yakan bugi bango ya dawo ya haɗu da kansa, a wannan kusurwa ya yi ta gunji, taku biyu gaba ya ɓace. Sauraron lasifika a shago tamkar ganin yarinya ne a zauren gidansu ranar sallah, ba ka san halinta ba sai ta tare. Falonka tayil ne da siminti da gilashi. Littafin kamfani ya ce a janye lasifikar daga bango, uwargida ta ce ba a tsakiyar falonta ba, kuma kowa ya san wanda zai yi nasara. In an ɗauke wuta, janareta ya ɗauki nasa baitin ta taga.

To, duk damfara ce ke nan? A'a, kuma nan nake rabuwa da masu cewa kowace lasifika ɗaya ce. Ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan bai shafe shekaru da lasifikokin Bowers & Wilkins don ado ba. Wani binciken na Toole ma ya nuna cewa a bayan labule mutane sukan haɗu a kan lasifikar da ba ta ƙara wa sauti gishiri. Sai dai mai gaskiyar ba ta rufa asiri: sa mata tsohon kaset ɗin Shata, za ta kawo maka kalangu da shuuu ɗin kaset da adalci iri ɗaya. Wani kuma zai ce, in ido ne ke ƙara daɗin, ai daɗin na gaske ne. Na yarda. Wanda ya biya dala 685,000, farashin da kamfanin Wilson Audio suka fara sa wa lasifikarsu WAMM Master Chronosonic, yana da ikon ya zauna ya kalle ta ko ba a kunna ba. Ya dai daina cewa kunne ne ya zaɓa.

Maganin da masana ke bayarwa daidai ne a takarda: ka kai lasifikar gida gwaji, ka sa waƙoƙin da ka sani, ka daidaita ƙara da ma'auni, ka sa wani ya riƙa musanyawa ba ka gani. Abin da suke mantawa shi ne lasifika irin 801 D4 ta Bowers & Wilkins kowace ɗaya kusan kilo 100 ce. Ƙarti huɗu ne za su hau bene da ita suna nishi, maƙwabta suna leƙe, surukinka ya zo ya shafa ta ya yi maka barka. Ina son in ga namijin da bayan wannan zai kira ƙartin nan ya ce su dawo su sauke.